Kalmar da Kawu Ya Ce a Cire

A gidan Kawu kalmar karatu ta mutum ɗaya ce. Idan Injiniya ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa, sai matar Kawu ta rage muryar talabijin, ta hana Auta jan takalmi a tsakar gida, ta ce, "A yi a hankali, yayanki yana karatu." Ko da kuwa ana jiyo ihun 'yan kallon ƙwallo daga cikin wayarsa. Injiniya babban ɗan Kawu ne, aji biyu yake a jami'a, bai taɓa gyara ko makunnin fitila ba, amma tun ranar da ya sami gurbi sunan ya manne masa.

Shi kuwa ɗan ƙanwar Kawu, wanda aka kawo gidan don ya fi kusa da makaranta, aji uku yake a sashen adabin Turanci. Abin da yake yi a gidan nan ba a kiransa karatu, labari ake ce masa. Shi kansa Bature suke kiransa.

Ran nan da la'asar yana zaune a bakin baranda da wani littafi mai shafi ɗari shida, fensir a bayan kunne, sai matar Kawu ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Bature, me kake yi?"

"Karatu nake yi, Mama."

Ta sunkuyo ta dubi bangon littafin. Hoton jirgin ruwa ne a jiki.

"Au, labari ne. Na ɗauka wani abin kake yi. Tashi ka duba Kaka, ina jin ya ɓata shimfiɗa."

"Jarrabawar littafin nan saura mako biyu."

"To ka tafi da shi mana. Labari ai ko a gefen gado a karanta shi. Ba lissafi ba ne da za a ce sai an natsu."

Ya sa yatsa a shafin da yake, ya tashi.

Kaka shi ne mahaifin Kawu, shi ne kuma mahaifin uwar Bature. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, Kawu da kansa ya ɗauki biro ya raba kwanaki a bayan kalanda: kwana biyu shi, kwana biyu Injiniya, kwana uku Bature. Kalandar tana nan rataye a ɗakin, amma ko mako biyu rabon bai yi ba. Kawu ya ce shagon kayan gini ba ya buɗe kansa. Injiniya ya ce warin ɗakin yana tayar masa da zuciya, in zuciyarsa ta tashi kuma lissafi ba ya zama. Matar Kawu ta ce surukinta ne, da wane ido za ta kalle shi ba riga. Kowa da hujjarsa, kuma in ka saurare su ɗaya bayan ɗaya sai ka ce gaskiya suka faɗa. Da aka tattara hujjojin duka, kwana bakwai suka faɗo kan mutum ɗaya.

Bature ya ajiye littafin a kan taga. Ya ɗaga tsohon, ya zare zanin gado, ya wanke ledar ƙasa, ya goge masa jiki da ruwan ɗumi, ya shafa mai a ƙugu inda fata ta fara ja. Ya juya shi ɓangaren hagu ya tokare bayansa da filo.

"Tsoho, nauyinka ya fi na buhun siminti, ga shi kai ko gini ba a yi da kai."

Rabin bakin Kaka ya yi dariya, ɗaya rabin ya tsaya inda yake. Kalmomin da suka rage masa ba su kai goma ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna taga.

"Labari."

A duk gidan shi ne kawai in ya faɗi kalmar nan ba ta yi wa Bature zafi. Littafin a kan wani mai gyaran agogo ne da ɗansa ya shiga jirgi ya tafi, kullum yana zuwa bakin teku yana jira. Bature yakan karanta shafi a zuci, ya juya wa Kaka shi da Hausa. In ya tsaya yana rubutu a gefen shafi, yana neman dalilin da ya sa marubucin ya ɓoye wani abu ya bayyana wani, sai Kaka ya buga katifa da tafin hannu. Shi so yake ya ji ko yaron zai dawo.

Haka kwanakin suke tafiya. Laccar ƙarfe takwas ta zama sai dai ya ji labarinta a bakin abokai, don wankan Kaka da ba shi shayi da cokali ba sa ƙarewa kafin tara. Ta ƙarfe biyu kuma rabi yake zama ya fito, saboda in ya wuce awa huɗu ba a juya tsohon ba, zai dawo ya tarar da shi a yadda ya bar shi. Shafukan littattafansa duk tabon man shafawa ne.

Malamar da ke koyar da su ƙagaggun labarai, wadda kowa ke kira Dakta, ta tsayar da shi a bakin ofishinta.

"Shigo ka zauna. Ka san kana kan gargaɗi?"

"Na sani, Dakta."

"Kwas biyu ka faɗi zangon da ya wuce, ba don ba ka iya ba, don ba ka zo gwaji ba. In ka sake faɗuwa nawa a wannan karon, ba ni da abin da zan yi maka. Dokar makaranta ce, sallama ce." Ta jawo wata takarda daga cikin tarin da ke gabanta. "Wannan rubutunka ne. Shafi huɗu ka yi a kan kalma ɗaya da mai gyaran agogo ya faɗa, kuma ban gaji da karantawa ba. Mutum arba'in da bakwai ne a ajin, babu wanda ya lura da kalmar sai kai. Me yake damunka?"

"Kakana ne ba lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Jarrabawata Talata ce, ƙarfe tara. Kada in nemi fuskarka in rasa."

Talatar nan ce ranar da asibiti suka ba Kaka don canza robar fitsari, kuma likitan sau ɗaya yake zama a mako shida. Tun ranar Asabar Bature ya sami Kawu yana wanke hannu bayan cin abinci, ya durƙusa ya faɗa masa.

"Wannan ai ba abin damuwa ba ne," in ji Kawu. "Injiniya zai kai shi. Kai Injiniya, ka ji ko?"

Daga cikin ɗaki aka ce, "Na ji."

Ranar Talata Bature ya gama wankan Kaka tun bakwai saura. Ya sa masa riga mai tsabta, ya ɗora shi a keke, ya haɗa katin asibiti da ruwan sha a jaka. Tsohon sai nishi yake yi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, tun jiya robar ba ta zubar da komai ba. Bature ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Injiniya. Shiru.

"Ai ya fita," in ji matar Kawu. "Suna da bitar lissafi da abokansa. Jarrabawarsu ranar Litinin ce."

"Mama, tawa yau ce. Ƙarfe tara."

"To ni ya kake so in yi? In ɗauke shi a ka?"

Ya kira Kawu. Ana ta hayaniya a bayansa, ana sauke rodi daga mota.

"Kash, yaron nan. To ka ga, ka kai shi ka kama layi, ni ina nan tafe kafin takwas da rabi in karɓe ka. Daga asibitin zuwa makarantarku ai ba nisa."

Lamba ta arba'in da ɗaya aka ba su. Dogon benci ne a wani baranda mai warin maganin wanke ƙasa, da agogo a saman ƙofar likita. Bature ya buɗe littafin a kan gwiwarsa, idonsa ya kasa zama a kan layi ɗaya. Takwas da rabi ya kira, Kawu ya ce yana hanya. Tara saura kwata ya kira, aka ce ga shi nan ya kusa. Ƙarfe tara wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

A jami'a in an fara jarrabawa da rabin awa, an rufe ƙofa ke nan. Ya lissafa: in ya fita yanzu ya sami abin hawa, zai shiga da saura minti biyar. Ya dubi wata mata da ke kusa da su, ta kawo mijinta.

"Baba, don Allah ko za ki sa mini ido a kansa? Ɗansa yana hanya."

"In aka kira ku fa? Wa zai ɗora shi a gado? Ka ga nawa ma da ƙyar nake iyawa."

Duk da haka ya miƙe. Ya rataya jakar a jikin keken, ya sunkuya zai yi wa Kaka bayani. Hannun nan mai lafiya ya damƙi gefen rigarsa. Gumi yana tsattsafo wa tsohon a goshi, idonsa a kan jikansa. Bature ya tsaya a sunkuye har bayansa ya fara ciwo. Sannan ya koma ya zauna. Yana kallo dogon hannun agogon ya sauka a kan shida, ya wuce.

Sha biyu saura Kawu ya iso, makullin mota a hannu, an riga an gama komai.

"Ai ga ni na zo. Direban ne ya ƙi tafiya sai an ƙirga kayan a gabansa. Maza ka ruga ka ce musu uzuri ne ya taso. Labarin da ka karanta za ka ba su, ko gobe ai ka ba su."

Jami'in jarrabawa bai ɗago kai sosai ba. Ya ce akwai kwamiti mai duba uzuri, suna zama ranar Juma'a ta sama. A kawo katin asibiti, da wasiƙa daga wanda yake riƙon ɗalibi, da sa hannunsa. Dakta ta same shi a matakala.

"Ina cikin kwamitin, amma mu bakwai ne. Da kai ne ba lafiya, da magana ta ƙare. Tunda wani ka kai, tambaya ɗaya za su yi: babu kowa a gidan ne? Wasiƙar ta amsa wannan tambayar. In ba ta amsa ba, kada ma ka wahalar da kanka."

Kwana biyu ya yi yana rubuta wasiƙar da sunan Kawu. Bai sa zargi a ciki ba, bai ambaci Injiniya ba, bai ambaci rodi ba. Layi tara ce. A layi na huɗu ya rubuta cewa wata bakwai ke nan wannan ɗalibi shi kaɗai yake kula da kakansa. Ya buga ta a shagon buga takardu, ya kawo wa Kawu da yamma a falo, da biro.

Kawu ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya juya ta.

"Turancin naku mai yawa ne. Injiniya, zo ka fassara mini."

Injiniya ya fito yana miƙa. Ya bi layukan da Hausa, yana tuntuɓe. Da ya zo layi na huɗu sai ya rage murya, ya faɗa da sauri.

"Tsaya," in ji Kawu. "Maimaita."

"Wai shi kaɗai yake kula da Kaka."

"Kaɗai?"

"Haka ya rubuta."

Matar Kawu ta kashe talabijin. Kawu ya ajiye biron a kan hannun kujera.

"Bature, a gidan wa tsohon nan yake kwance?"

"A gidanka, Kawu."

"Wa ya kai shi asibiti ranar da ya faɗi? Abincin da kake ba shi, kai kake dafawa? Keken da kake tura shi, daga sama ya faɗo?"

"Kawu, ba haka nake nufi ba. Wanka da juyi da kai shi asibiti nake nufi. Sun ce in ba a rubuta haka ba..."

"Su suka haife ni? In sa hannu da kaina a takarda cewa na yar da ubana, a ajiye a ofis, kowa ya buɗe ya karanta? Akwai masu sayen kaya a wurina a makarantar nan. Gobe in shiga cikin mutane a ce ga wanda ya bar wa ɗan ƙanwarsa uba."

"Mu da muke tsaye a kicin tun safe ashe ba a ganinmu," in ji matar Kawu. "Dama an ce masu karanta labaran nan sun iya ƙulla magana."

"Ni fa ranar nan mantawa na yi," in ji Injiniya. "Kuma da ka tuna mini da safe ai da na tsaya."

Kawu ya miƙo takardar. Muryarsa ta sauko, ta koma irin wadda yake lallashin mai saye da ita.

"Ni ban ƙi sa hannu ba. Ɗana ne kai. Kalma ɗaya ce, cire ta. Ka rubuta gaskiya: mu duka muna kula da shi, kai ma kana taimakawa. Sauran duk ka bar su yadda suke, sun yi kyau."

Bature ya karɓa. Shekara uku ana koya masa yadda kalma ɗaya take riƙe da shafi ɗari, yana dawowa gida ana ce masa wasa yake yi. Ashe Kawu ma ya san wannan karatun, bai taɓa shiga aji ba.

Ya fita bayan gida ya kira mahaifiyarsa. Ta saurare shi har ya gama.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Yayana ne, a gidansa kake. In ka ɓata da shi ina za ka zauna? Ni ga ni nan nesa, ƙannenka ba mai riƙe mini su. Kai ne hannuna a wurin Baba. Ka yi yadda ya ce, Allah ba zai bar ka ba."

Ya yi tunanin ya kwaikwayi sa hannun Kawu. Har ya gwada a bayan wani tsohon littafi, sau uku. Sai ya tuna jami'in ya ce suna kiran lambar da ke jikin wasiƙa su tabbatar. Ya yage shafin.

Washegari ya koma shagon buga takardu. Mai shagon ya buɗe wasiƙar a kwamfuta ya ce, "Ina gyaran?" Bature ya nuna masa da yatsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Kawu ya sa hannu da murmushi, har ya ƙara da hatimin shago.

Bayan zaman kwamiti Dakta ba ta kira shi ofis ba, a bakin ƙofa ta gaya masa.

"Na yi magana har na gaji. Wani ya ɗaga wasiƙar ya karanta layin da ƙarfi, ya ce ga shi mai gidan da kansa ya ce su duka suna kula da shi, me ya hana ɗaya daga cikinsu ya je? Ban sami amsa ba." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kai da ka yi mini shafi huɗu a kan kalma ɗaya. Me ya sa ka rubuta haka?"

Ya buɗe baki, ya ga bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa. Ya ce, "Na gode, Dakta."

Bayan mako biyar takardar ta zo, a adireshin shagon Kawu, tunda shi ne a jikin hatimi. Kawu ya shigo da ita da rana, lokacin wasu abokansa biyu sun zo duba Kaka. An share ɗakin, an fesa turare, Injiniya yana zaune a bakin gado yana riƙe da hannun tsohon. Baƙin suna ta sa albarka, suna cewa a zamanin nan samun gidan da ake haɗuwa a kan tsoho haka sai an tona.

"Ai nauyi ne da Allah ya ɗora mana," in ji Kawu. Ya miƙa wa Bature ambulan. "Ga wannan daga makarantarku. Karanta mana, kai ne Baturen."

Ya buɗe. Layi biyar ce, ta sallama daga makaranta. Ya karanta a zuci, sannan ya juya musu ita da Hausa, kamar yadda yake yi wa Kaka, bai rage komai ba.

Kawu ya girgiza kai, ya dubi baƙinsa.

"Kun gani ko? Tun farko na ce wa uwarsa a sa shi wani abin kirki. Ci da sha da wurin kwana, babu abin da ya nema ya rasa. Mutum a ce labari ma ya gagare shi."

"Yaran yanzu sai addu'a," in ji ɗaya baƙon.

Aka raka su ƙofa. Injiniya ya saki hannun Kaka, ya shinshina tafinsa, ya fita neman sabulu. Matar Kawu ta leƙo.

"To Bature, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Yanzu ai ka huta da zirga-zirga. Dama ina so in ce maka gyambon bayan nan nasa yana son a riƙa juya shi duk awa biyu, ba huɗu ba."

Ta tafi. Ya ninke takardar gida huɗu, ya rasa inda zai ajiye ta, ya cusa ta cikin littafin nan mai hoton jirgi, a shafin da suka tsaya. Ya ɗaga Kaka, ya juya shi, ya tokare bayansa da filo. Bai yi masa tsokanar siminti ba. Tsohon ya bi shi da ido, ya ɗaga hannu ya nuna taga.

"Labari."

Saura shafi tamanin. Babu wanda zai sake tambayarsa dalilin da ya sa marubucin ya zaɓi wata kalma ya bar wata. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya buɗe. Mai gyaran agogo yana tsaye a bakin teku, wani jirgi ya ɓullo daga nesa. Bature ya fara juyawa da Hausa, muryarsa tana rawa, ya ɗaga ta don ta tsaya.

Aka buga ƙofar ɗakin da tafin hannu.

"Bature, rage murya mana," in ji matar Kawu. "Injiniya yana karatu."